Yadda Ake Kafa Rukunin Karatu a Jami'a, Ya Ɗore Har Zuwa Jarrabawa

Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa a allon sanarwa na sashe, sai ɗalibai su fara neman juna. Wanda bai taɓa yi maka sallama ba tun farkon zango zai tare ka a bakin ɗakin lakca: "Malam, don Allah ku sa ni a guruf ɗinku." A haɗu mutum goma sha biyar a gindin darbejiya, ɗaya yana ta zuba bayani, saura suna gyaɗa kai, biyu suna latsa waya. A tashi kowa yana jin ya gane. Sai an raba takardar tambayoyi, biro ya ƙi motsi, sannan mutum ya gano cewa wanda ya gane ɗin shi ne mai bayanin.

Aikin rukunin karatu guda ɗaya ne: ya tona maka abin da ba ka sani ba tun kafin mai jarrabawa ya tona shi. Karatun kansa, wato zama da handawut da littafi har abu ya shiga kai, wannan mutum shi kaɗai yake yi. Abin da ba zai iya yi wa kansa da kyau ba shi ne kama kansa da kuskure, domin ido idan ya saba da shafi sai ya riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an sani.

An gwada wannan. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, waɗanda aka yi ta tambaya sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kusan kashi 40. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Mahaddaci ba ya yarda da haddarsa don ya yi tilawa shi kaɗai a ɗaki. Sai ya zauna musaffa, ya ja nasa kason da ka, sauran alarammomi suna kasa kunne, da ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take. Duk wanda ya zo wurin ya zo da karatunsa ne a ƙirji, ba a nan zai fara koya ba. A kan wannan tsari za ku gina rukuninku.

Ku fara da wuri, ku zaɓi kwasa-kwasan

Mako na biyu ko na uku na zango shi ne lokacin kafa rukuni. A lokacin an gama rajista, kowa ya san kwasa-kwasan da zai ɗauka, malamai sun fara shiga aji, kuma kun fara gane waye ke zuwa lakca waye ke aiko aboki ya sa masa hannu. Rukunin da aka kafa saura mako biyu jarrabawa taron firgici ne kawai.

Kada ku ce za ku haɗa duk kwasa-kwasan zango, takwas ko tara, a rukuni ɗaya. Ku ɗauki biyu ko uku, kuma ku zaɓe su da lissafi. A yawancin jami'o'in Najeriya maki 70 zuwa sama shi ne A, mai daraja 5. 60 zuwa 69 B, mai 4. 50 zuwa 59 C, mai 3. 45 zuwa 49 D, mai 2. Ana ninka wannan daraja da nauyin kwas ɗin. Kwas mai nauyi 3 idan ka ci A ka tara 15, idan ka ci C ka tara 9, bambancin 6 ke nan. Kwas mai nauyi 1 kuwa bambancin 2 ne kacal. Mai neman digiri mai daraja ta ɗaya yana buƙatar CGPA, wato matsakaicin darajar duk kwasa-kwasan da ya ɗauka, 4.50, mai neman ta biyu babba 3.50, kuma manyan kwasa-kwasan ne ke ɗaga mutum ko su kayar da shi. Don haka ku duba wanda ya haɗa nauyi da wahala, musamman wanda 'yan ajin gaba suka ce ana yawan kwaso kariyoba a cikinsa, wato a faɗi sai an maimaita shi, kuma wanda sai ka ci shi za a bar ka ka yi rajistar na gaba. Nan za ku zuba ƙarfin rukuni. Kwas ɗin da haddar handawut kawai yake buƙata, kowa ya ji da shi a ɗakinsa.

Mutum nawa, kuma su waye

Huɗu ko biyar. Uku ma yana yi, sai dai ranar da ɗaya ya yi zazzaɓi zaman ya koma hira tsakanin mutum biyu. Da kun kai bakwai kuwa, an samu wurin ɓuya. Wani Bafaranshe masanin aikin gona, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913: yawan masu ja, raguwar ƙarfin da kowane mutum ɗaya yake sawa, har idan sun kai takwas kowa kusan rabin ƙarfinsa yake bayarwa. Haka abin yake a zaman karatu. A cikin mutum huɗu ba ka da inda za ka laɓe, zagaye zai zo kanka sau da yawa. A cikin goma sha biyu kana iya yin zango guda ba ka buɗe baki ba.

Wajen zaɓe, abin da za ka fara dubawa shi ne cika alkawari, kafin ƙoƙari. Wanda yake zuwa lakcar ƙarfe takwas a kan lokaci, yake miƙa aikin gida ranar da aka ce, yake mayar da littafin da ya ara, shi kake nema ko da makinsa tsaka-tsaki ne. Haziƙin da zai zo yau ya ɓace mako biyu ya fi cutar da rukuni a kan mai matsakaicin fahimta da ba ya fashi.

Aminin ka na ɗaki ba dole ne ya shiga ba. Sau da yawa ma gara kada ya shiga, domin akwai nauyin da ke hana ka ce wa amini "ba ka karanta ba." Idan zai ji haushi, ka gaya masa gaskiya tun farko cewa wannan zama na tambaya ne da tsananta wa juna, idan ya shirya bismilla.

Sai batun gwani. Kowane aji yana da mutum ɗaya ko biyu da kowa ke bi. Samunsa a rukuni alheri ne, amma da sharaɗi: kada ya zama malami. Idan shi kaɗai ke riƙe da alli daga farko har ƙarshe, tutoriyal kuke yi, kuma tutoriyal shi ya fi amfana da ita, domin mai bayani shi ne yake tilasta wa ƙwaƙwalwarsa ta tsara abin. Abin da ya fi shi ne a haɗa mutanen da ƙarfinsu ya bambanta amma tazararsu ba ta yi nisa ba: wannan ya iya lissafi, wancan ya iya tsara amsa da Turanci, waccan rubutunta na lakca ba ya barin komai. Kada kuma ku taƙaita a kan 'yan garinku. A jami'a irin ABU Zariya ko BUK ko Jami'ar Maiduguri, ajinku ya haɗa mutanen da suka fito daga makarantun sakandare iri-iri, wani an koya masa abin da ku ba a koya muku ba.

Idan rukunin ya haɗa maza da mata, ku yi zaman a fili, a aji ko farfajiyar laburare, da rana. Ku kuma tuna cewa akwai matan aure da masu zuwa daga cikin gari waɗanda dole su kama hanya kafin magariba. Wadda za ta taso daga sabuwar jami'a ta BUK a titin Gwarzo ta koma Hotoro ko Rijiyar Lemo ba za ta iya zaman ƙarfe takwas na dare ba, kuma bai kamata a sa ta zaɓi tsakanin gidanta da rukuni ba.

Zaman farko

Wannan zama ba na karatu ba ne, na yarjejeniya ne, kuma minti arba'in ya ishe shi. Kowa ya zo da jadawalin lakcocinsa da takardar da malami ya bayar ta jerin batutuwan kwas. Ku tsayar da rana da lokaci da wuri, su zama tsayayyu, ba sai an yi ta kiran waya kowane mako ana "yau ƙarfe nawa?" ba. Sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ya wadatar. Ku ɗaure lokacin da salla, ya fi zama a kai: bayan la'asar zuwa dab da magariba, ko Asabar da hantsi zuwa azahar. Zaman da ya haura awa biyu, awa ta uku labarin ƙwallo ne.

Wuri: aji maras kowa mai allo ya fi ko'ina. Cikin laburare, irin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, wurin shiru ne, je ka yi naka karatun a can, amma ba wurin gardama ba ne. Ɗakin kwanan ɗalibai kuma akwai katifa, akwai tukunya a kan risho, akwai masu shigowa aron guga. Ku sayi alli ko makar ku, kada ku dogara da wanda malami ya bari.

Ƙa'idojin kada su wuce abin da za a iya riƙewa da ka. Wanda bai karanta abin da aka yanke ba, kada ya zo ya zauna a matsayin ɗan kallo. Wayoyi a cikin jaka. A fara a kan lokaci ko da mutum biyu ne suka iso. Fashi uku a jere ba uzuri, mutum ya fita da kansa. Wannan ta ƙarshe ku faɗe ta tun yau da kowa ke dariya, domin ranar da za a buƙace ta, ba wanda zai so ya zama shi ya fara kawo maganar.

Ku naɗa mai jan zama, amma ya riƙa zagayawa mako-mako. Aikinsa duba agogo, raba zagayen tambaya, da katse hira. Sai mai rubutu, wanda zai riƙe littafi guda na rukuni. Za mu zo kan wannan littafi.

Yadda zama ɗaya yake gudana

Nan ne rukuni yake rayuwa ko ya mutu, don haka bari in daɗe a nan.

Kafin zama, kowa ya karanta batun da aka yanke shi kaɗai, ya kuma zo da abu biyu a rubuce: tambayoyi uku da ya ƙirƙira da kansa daga batun, waɗanda ya san amsarsu, da abu ɗaya da ya karanta ya ƙi shiga. Ƙirƙirar tambaya karatu ce mai zaman kanta, domin ba za ka iya tambaya mai ma'ana a kan abin da ba ka fahimta ba. Tambayar kuma kada ta tsaya a "kawo ma'anar kaza." A ce "me zai faru idan aka canza kaza?", "mene ne bambancin wannan da wancan?", "ga lambobi, fitar da amsa."

Minti goma na farko, littattafai a rufe. Kowa ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna daga zaman da ya wuce. Ba daɗi, kuma a makonnin farko takardar za ta ba ku kunya. Ku daure. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Kowane waiwaye da aka yi bayan 'yan kwanaki yana rage saurin zubewar. Wannan minti goma shi ne zai sa abin da kuka yi a mako na uku ya kai mako na goma sha huɗu.

Daga nan sai zagayen tambayoyi, kamar minti arba'in. Mai tambaya ya jefa wa mutum ɗaya da suna, ba ya jefa wa taro ba, domin idan aka jefa wa taro mai saurin baki ne zai cafke kullum. Wanda aka tambaya ya amsa ba tare da leƙen takarda ba. Idan ya kakare, a ba shi ɗan lokaci, kada a yi caraf a karɓe. Shirun nan da yake yi yana lalube, aiki ne ƙwaƙwalwa take yi. Idan ya gagara, na kusa da shi ya gwada, sannan a dawo masa: "To, yanzu maimaita mana da bakinka." Kada a karɓi "na gane." Kowa yana cewa ya gane. A ce masa ya tashi ya yi a allo.

A kwasa-kwasan lissafi, kimiyyar lissafin kuɗi, injiniyanci, fiziks da kemistiri, allo shi ne komai. A ba da matsala ɗaya, kowa ya yi ta a takardarsa shi kaɗai na minti biyar zuwa bakwai, sannan a kwatanta. Idan amsoshi sun zo iri biyu, kun samu abin da kuka zo nema. Kada gwani ya yanke hukunci. Mai amsa ta farko ya hau allo ya kare tasa layi-layi, mai ta biyu ya nuna inda suka rabu. A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya bi diddigin yadda ɗalibansa suke karatu. Ya tarar waɗanda suke faɗuwa ba ragwaye ba ne, suna ba da sa'o'insu, amma su kaɗai suke fama. Masu cin kwas ɗin kuwa sukan yi aikin su kaɗai tukuna, sannan su haɗu su kwatanta, su yi wa juna gyara. A lura da jerin: kaɗaici da farko, taro daga baya.

A kwasa-kwasan rubutu kamar shari'a, tarihi, kimiyyar siyasa, adabi, aikin jarida, abin da ya kamata ku riƙa yi shi ne tsara amsa. A ɗauki tambaya ɗaya, kowa ya zana ƙashin amsarsa cikin minti goma: da me zai buɗe, hujjoji nawa, wane misali ko wace shari'a ko wane masani zai kawo. Sai a yi musayar takardu, kowa ya duba ta wani da idon malami. Za ku sha mamakin yawan waɗanda suka san batu sarai amma suke amsa tambayar da ba a yi musu ba. An ce "kwatanta," mutum ya yi ta "bayyana" har shafi huɗu.

Sai maganar harshe, wadda ba a cika faɗa ba. Idan dukkanku Hausawa ne ko kuna jin Hausa, ku warware abu mai wuya da Hausa, babu aibi. Abin da mutum ya iya bayyanawa da harshen gidansu ya fahimce shi da gaske. Wanda kuwa sai da jimlar handawut kaɗai yake iya faɗa, haddace ta ya yi. Amma kada ku tashi a nan. Jarrabawa da Turanci za a rubuta ta, ko da Faransanci ga 'yan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da sauran jami'o'in Nijar, ko da Larabci ga masu wannan fanni. Saboda haka duk abin da aka warware da Hausa, a rufe shi da wani ya faɗe shi, ko ya rubuta shi, da harshen jarrabawa da ainihin kalmomin fannin. Na ga ɗalibai da yawa da suka fahimci abu tsaf a zaman rukuni, suka rasa kalmomin zuba shi a takarda. Idan kuma akwai wanda ba ya jin Hausa a cikinku, to adalci shi ne a tsaya a harshen da kowa ke ji.

Minti ashirin na ƙarshe na abubuwan da suka ƙi shiga ne. Kowa ya kawo nasa. Wanda wani ya iya, ya warware. Wanda ya gagari kowa, a nan littafin rukuni yake shigowa: mai rubutu ya rubuta shi da kwanan wata. Kada ku ɓata rabin awa kuna hasashe a kan abin da babu wanda ya sani a cikinku, domin ƙarshenta mai ƙarfin murya zai yi nasara, ku duka ku tafi da kuskure ɗaya. Wannan shi ne babban haɗarin karatun taro: kuskuren mutum ɗaya ya zama na mutum biyar, kowa kuma ya ƙara samun tabbaci don ya ji saura sun yarda. Duk abin da aka yi saɓani a kai, a buɗe littafin da malami ya ba da sunansa. Idan bai warware ba, mutum biyu su je ofishin malamin da tambayar a rubuce: "Malam, mun gwada ta nan da ta nan, a wannan layin muka tsaya." Malami da wuya ya kori ɗalibin da ya zo da irin wannan. Wanda ake kora shi ne mai zuwa ya ce a sake masa kwas ɗin daga farko, ko mai neman a gaya masa inda jarrabawa za ta fito.

Kafin a tashi, a yanke batun zama na gaba, da shafukansa.

Raba batutuwa

Kusan kowane rukuni yana faɗawa wannan: batutuwa goma, mu biyar, kowa ya ɗauki biyu ya zo ya koya wa saura. Dabarar tana da asali, Elliot Aronson ya tsara irinta a makarantun Austin ta jihar Texas a 1971, kuma tana aiki idan kowa ya karanta duka, sannan ya zurfafa a nasa kason. Yadda ɗalibai suke yin ta kuwa, kowa biyunsa kawai yake karantawa, sauran takwas ya ji su a bakin wani. Ranar jarrabawa ba za a tambaye ka kasonka kaɗai ba. Idan za ku raba, ku raba aikin haƙilo: wannan ya nemo ƙarin misalai, wancan ya haɗa taƙaitawa ta shafi ɗaya, waccan ta tattaro tambayoyin baya na batun. Karatun kuwa na kowa ne.

Tambayoyin shekarun baya

Ku neme su tun makon farko, wajen 'yan ajin gaba, ƙungiyar ɗaliban sashe, ko masu fotokwafi na bakin tsangaya. Na shekara huɗu ko biyar ya isa. Ku jera su bisa batu, ba bisa shekara ba, sai ku ga inda malamin yake yawan komawa da irin kalmomin da yake tambaya da su. Ku bincika ko malamin da ya fitar da su shi ne yake koyar da ku bana. Idan an canza, salon zai canza. Amsoshin da ake sayarwa manne da tambayoyin kuwa, ɗalibi ne irinku ya rubuta, ku tuhume su.

Kafin gwajin tsakiyar zango, ku yi jarrabawar gwaji ta gaske: agogo a kan tebur, ba magana, ba leƙe, sannan a yi musayar takardu a yi maki. Ayyukan cikin zango suna ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon jami'a, kuma wanda ya shiga babbar jarrabawa da 12 cikin 40 ya riga ya sa A a nesa da shi.

Waya

Guruf na WhatsApp ku buɗe shi don sanarwa da tura takardu da hoton allo bayan zama. Ku biyar ɗin kawai. Ranar da aka fara turo barka da Juma'a da bidiyon barkwanci, sanarwar canjin aji za ta nutse. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen samo ƙarin tambayoyin gwaji ko sauƙaƙa wani bayani, amma suna iya kawo amsar ƙarya da cikakken tabbaci, har da sunan littafi ko shari'ar da babu ita. Ku ɗauke su kamar ɗan rukuni mai surutu: a saurare shi, a duba littafi.

Idan abu ya fara lalacewa

Ci-ma-zaune shi ne na farko: yana zuwa, ba ya karantawa, yana ɗaukar hoton rubutun kowa. Kada a tozarta shi a gaban mutane. Mai jan zama na makon ya same shi gefe ya ji dalili, domin wani sana'a yake yi da dare don ya biya kuɗin makaranta, wani rashin lafiya ce a gida, wani kuma Turancin littafin ne ya fi ƙarfinsa yana jin kunyar faɗa. Irin waɗannan a rage musu kaya, a ce ya zo da tambaya ɗaya maimakon uku. Wanda kuwa lalaci ne zalla, ƙa'idar da kuka yi a zaman farko ta yi aikinta.

Mai mamaye zama shi ma matsala ne, ko da abin da yake faɗa daidai ne. Maganinsa tsarin zagaye da kiran suna, da ba shi aikin yin tambaya maimakon amsawa. Mai shiru kuma a fara da shi, da tambayar da ake kyautata zaton ya sani, har bakinsa ya saba. Kuma a kiyaye dariya. Ranar da aka yi wa mutum dariya don ya ba da amsar da ba daidai ba, daga ranar ya daina nuna jahilcinsa, alhali nuna shi ne dalilin zaman.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Aikin gida da malami ya ce kowa ya yi nasa, ku tattauna hanyar, amma kowa ya koma ya rubuta da hannunsa da kalmominsa. Takardu biyar masu jimloli iri ɗaya da kuskure iri ɗaya, malami ba ya buƙatar bincike. Shirin zama kusa da juna a ɗakin jarrabawa don a "taimaka," ko yaɗa abin da aka ce tambayoyin gobe ne, wannan ya fita daga karatu ya shiga satar jarrabawa, kuma jami'o'i korar ɗalibi suke yi a kanta, ko da yana ajin ƙarshe.

Makonnin ƙarshe

Da jarrabawa ta matso, mutane za su yi ta roƙon shiga. Kada ku buɗe ƙofa. Idan kuna son taimakon 'yan ajinku, kuma ya kamata, ku ware rana guda ku yi musu bita a babban aji, kowannenku ya ɗauki batu. Ku ma za ku ƙaru. Zamanku na mutum biyar ya ci gaba yadda yake.

Saura mako biyu, ku daina sabon batu, ku buɗe littafin rukuni daga shafin farko. Duk abin da ya taɓa gagarar ku yana ciki, shi ne jadawalin bitarku. Zaman ya gajarce, tambayoyi su yawaita. Daren jarrabawa kuwa ba na rukuni ba ne. Kwanan aji har asuba da ɗalibai suke alfahari da shi yana cinye barcin da ƙwaƙwalwa take buƙata don ta daddale abin da aka karanta, kuma a irin daren ne wani zai zo da "an ce kaza zai fito" ya rikita kowa. Idan jarrabawa ta faɗo a cikin azumi, ku mayar da zaman bayan asuba ko da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

Wani abin da ɗalibin jami'ar gwamnati a Najeriya ba zai cire daga lissafi ba shi ne yajin aiki. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma da aka dawo jami'o'i da yawa matse zangon suka yi, jarrabawa ta zo da sauri. Idan hakan ta sake faruwa, kada ku watse. Ku mayar da zaman sau ɗaya a mako ta waya: ranar Asabar mai jan zama ya tura tambayoyi biyar, kowa ya amsa a takarda ya ɗauki hoto ya turo kafin dare, washegari a yi gyara da saƙon murya, wanda ba ya cin data kamar kiran bidiyo. Wanda yake ƙauye inda sabis ke wahala, a ba shi har Litinin.